Alamar da Kakana Ya Ɓoye a Bayan Fata

A gidanmu ba a kiran sunan kakana. Mamana tana ce masa Baba, mu jikoki muna ce masa Tsoho, mutanen masallacin unguwarmu a Villeurbanne, gefen Lyon a Faransa, kuma suna ce masa Malam Baduku. Yau zan rubuta sunan, don na gaji da ganin ana tsallake shi: Ɗan Juma ɗan Maman Sani, haifaffen unguwar Birni a Damagaram.

Takardunsa sun ce an haife shi "wajajen 1947", don ba wanda ya riƙe shekarar. Abin da aka riƙe shi ne ranar Juma'a ce. Yana da shekara bakwai ubansa Maman Sani ya zaunar da shi a zaure, ya damƙa masa basilla, wato babbar allurar dukawa. A nan ya koyi zaɓen fatar akuya a hannun majema, ya koyi rina ta ja da karan dafi, ya koyi murza mata man gyaɗa har ta yi laushi. A nan kuma ya koyi ƙa'idar da ta ja mana wannan takaicin. Kowane gidan dukawa a layinsu yana da alamarsa, amma ba a sa ta a fuskar aiki. A baya ake sa ta, inda mai saye ba ya gani. Ubansa ya ce masa wanda ya sa alama a gaba yabo yake roƙo, kuma abin kunya ne. Alamar gidansu ɗinki uku ne na koren zare, a jere.

A 1975 aka zo aka ɗauki dukawa huɗu daga Damagaram zuwa Paris: shi, da Ilya, da Dodo, da amininsa Abdul'aziz. Akwai wata babbar ƙungiyar ƙasashen duniya mai hedikwata a can, kowace ƙasa tana ƙawata mata ɗaki ɗaya kyauta. Ƙasarmu ta ce za ta lulluɓe bangon wani ɗakin taro da jar fata. Allunan katako ɗari da sittin aka yanka, kowane baduku arba'in. A ja fata a kan allo, a yi mata ado, a naɗe bakinta ta baya, sannan a ɗaure allon a bango da kusoshi masu murɗi. Wata huɗu suka yi a ɗakin ƙasa na ginin, cikin sanyin da ba su taɓa jin irinsa ba. Akwai wani Bature mai tsara ɗakuna da suka laƙaba wa Mai Lofe. Ran Litinin yake leƙowa, ya busa hayaƙi, ya ce "très bien", wato ya yi kyau, ya fita.

Ranar buɗe ɗakin Tsoho ya sa babbar rigar da ya zo da ita tun daga gida don wannan rana. A baranda aka tsayar da su huɗun, aka miƙa musu lemo a kofin roba. Ta ƙofa suka jiyo tafi.

Ilya da Dodo suka koma gida. Shi da Abdul'aziz suka zauna, wai shekara ɗaya. Ya yi gyaran takalma, ya sayar da ɗamara da jakunkuna a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, ya kawo kakata, daga baya ya samu aiki a wata masana'antar jaka a Lyon, inda ya shekara ashirin da ɗaya yana tura fata cikin injin yanka. Abdul'aziz ya rasu a 1988, kabarinsa yana Bobigny, a gefen Paris. Ginin nan kuwa, Tsoho bai sake taka shi ba.

Labarin ɗakin fata ni kaɗai nake saurara. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake rubuta abin da yake faɗi a wani littafi mai baƙin bango, da sunayen ƴan'uwa da shekarun da aka yi haihuwa da rasuwa. Kawu Rachidou, ƙanen mamana, mai jigilar kaya da mota tsakanin Paris da Lyon, dariya yake yi.

"Baba, in da gaske ne, ina hoto? Ina takarda? Bara allo ɗari da ashirin ne, bana sun haihu?"

"Ɗari da sittin ne tun kafin a haife ka," in ji Tsoho, ba ya ko ɗaga murya.

Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce ba za ta tsaya ba. Shi ya sa da na ga sanarwa cewa ƙungiyar za ta buɗe ƙofarta ga jama'a wata Asabar cikin Satumba, na kama mana wuri biyu ban tambayi kowa ba. Abu ɗaya nake so: in ɗauki hoton sunansa a jikin ginin, in ajiye wa Kawu a gabansa, in manna ɗaya a littafina. Ban taɓa shakka ba cewa sunan yana can.

"Amarya, Paris za ki kai ni yawon angwanci?" ya ce, da na gaya masa.

"In kana iya hawa jirgi ba ka yi barci ba, Tsoho."

"Ke dai ki riƙe mini sanda, kada samari su ƙwace ki."

Muka hau jirgin ƙasa na safe. Ya sa babbar rigar nan, wadda yanzu ta yi masa yawa.

A ƙofar ginin aka sa jakarsa cikin injin dubawa. Mai gadi ya zaro wata ƴar kwalba, da tsumma, da basilla.

"Wannan mene ne?"

"Man gyaɗa," na ce da Faransanci, ni ma ina mamaki. Na juya. "Tsoho, me za ka yi da mai?"

"Shekara arba'in da takwas, Kausar. Kina tsammani akwai wanda ya shafa wa fatar?"

Na yi wa mai gadi bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya jefa kwalbar da basillar cikin wani kwando, ya ba mu lamba. Tsumman kaɗai ya bar mana.

Mu kamar talatin ne, wata budurwa mai suna Sofia tana jagorarmu, da ƴar tuta a hannu. Ni na zaci zan ga gini mai ƙyalli. Abin da na gani ya fi kama da gidan tsohon attajirin da ƴaƴansa suka watse. Kafet ruwan goro, ya cinye a tsakiya inda ake takawa. Fitilu kamar ƙwarya-ƙwarya, sun yi rawaya. A baranda ɗakunan buga waya guda shida a jere, babu waya ko ɗaya a ciki, sai igiyoyi suna reto. A babban zauren taro kowace kujera tana da wurin zuba tokar sigari a hannunta, da abin sawa a kunne mai murɗaɗɗiyar igiya, da maɓallin zaɓen harshe wanda lambobinsa suka goge. Agogon bango biyu, kowanne da lokacinsa. Warin tsohon hayaƙi ya kama katako, ko da yake an hana shan sigari tun kafin a haife ni. Mutane suna ta ɗaukar hoto suna cewa abin ya burge su, kamar a fim. Tsoho kuwa hanci yake buɗewa.

"Warin nan bai sake ba," ya ce. "Hagu za mu yi, akwai matakala uku."

Akwai matakala uku. Sofia ba ta kai ga nunawa ba ya riga ya ɗaga ƙafa.

Ɗakin fatar ƙarami ne, bai kai yadda nake ƙiyasta shi ba. Teburi ɗaya doguwa, kujeru ashirin. Amma bangon, daga ƙasa har sama, fata ce. Jan ya koma kamar busasshen jini. Kusa da bututun ɗumama ɗaki ta tsattsage, wani wuri ta yi fari. Duk da haka adon yana nan, layi bisa layi, babu allo biyu masu kama ɗaya.

Sofia ta tsaya kusa da wani allon tagulla a gefen ƙofa, ta fara karanto abin da ta haddace. Na kutsa na karanta da idona. Sunan ƙasarmu, da shekara. Sai sunan Mai Lofe da manyan haruffa, wai shi ya ƙirƙira kuma ya aiwatar. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, tagullar ta ishe shi. A can ƙasa, da ƙananan haruffa: "tare da taimakon masu sana'ar hannu na ƙasar."

Na sake karantawa, ko na tsallake layi. Ban tsallake ba.

"Me aka rubuta?" in ji Tsoho.

Na juya wajen Sofia. Na ɗaga hannu kamar a aji.

"Madam, masu sana'ar hannun nan, su wane ne?"

"Ba a ajiye sunayensu ba, abin takaici," ta ce da murmushi. "Kin san lokacin."

"Ga ɗaya nan tsaye a gabanki."

Kowa ya juya. Tsoho ba ya inda na bar shi. Ya jingine sandarsa, ya isa bango, ya ɗora tafin hannunsa biyu a kan wani allo, yana bin adon da yatsa, ido rufe.

"Wannan na Dodo ne," ya ce da Hausa, shi kaɗai. "Kullum yana jan zare da ƙarfi." Ya matsa. "Wannan nawa ne. Wayyo, ta sha ƙishi."

Ya ciro tsumman, ya fara share ƙura daga cikin ɗinki.

"Monsieur! On ne touche pas!"

Mai gadin ɗakin ne, ya taho da sauri yana cewa ba a taɓawa. Abin da ya biyo baya shi ne har yau ban manta ba. Tsoho ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Ya ɓoye tsumman a bayansa. Ya rusuna wa yaron da bai kai Kawu Rachidou ba, ya ce, "Pardon, Mushe. Pardon."

"Haƙurin me kake ba shi?" na ce da ƙarfi. "Aikinka ne! Shi ya kamata ya ba ka haƙuri!"

"Kausar, rage murya. Gidan mutane ne."

"Gidan mutane? Wata huɗu ka yi a ƙarƙashinsa!"

Sofia ta matso, ta daina murmushi. Ta ce labarin yana da taɓa zuciya, amma ko muna da wata shaida? Takardar aiki, ko hoto? Maganar Kawu ke nan, da Faransanci. Na ce shaidar tana bango. Na gaya mata ƙa'idar dukawa: a kwance allo ɗaya, wancan da ya nuna, a juya shi, za a ga ɗinki uku na koren zare. Kusoshi huɗu ne kawai. Minti biyar.

"Ba ni da ikon haka," ta ce. "Sai an rubuta wa sashen kula da kayan tarihi, su kai wa kwamiti. Amma gaskiya ban sani ba ko za a samu lokaci. Wannan ɓangaren za a sabunta shi a watan Janairu."

"A sabunta shi yaya?"

"Za a cire komai. An duba, an ce fatar ta lalace, ba ta gyaruwa."

Na tsaya ina kallonta. Ba a yarda mai aikin ya taɓa da tsumma ba, don kada ya ɓata abin da za a zubar nan da wata huɗu. Na faɗa mata haka. Na faɗi wasu abubuwan ma da ban koya a gida ba. Wani Bature cikin ƴan ziyara ya ce in bar mutane su ji bayani. Mai gadi ya raka mu baranda.

A nan, kusa da ɗakunan wayar da babu waya, na juya kan Tsoho. Ban taɓa yi masa tsawa ba sai ranar.

"Ku ma da laifinku! Mai Lofe ya sa sunansa a tagulla, ku kun manna naku a bango inda ko ƙadangare ba ya gani. Wa kuka ɓoye wa? Wa kuka ji kunya?"

Ya yi ta naɗe tsumman yana warwarewa.

"Haka aka koya mana," ya ce. "A Damagaram in baduku ya ga jaka, juya ta yake yi. Mun zaci nan ma akwai mai juyawa."

Wata mata ce ta katse mu, tana tura keken shara, da ɗan kwali a ƙarƙashin hular aiki. Ta yi mana sallama, ta ce sunanta Fatou, ƴar Senegal. Ta ji komai ta ƙofa.

"Baba, shekara ashirin da biyu nake share ɗakin nan," ta ce da Faransanci, ina fassara masa abin da bai kama ba. "Sun ba ni ruwan feshi, na ga yana busar da fatar, na daina. Tsumma kawai nake sa mata. Kullum ina cewa wanda ya yi wannan yana da haƙuri."

Tsoho ya yi mata godiya doguwa, irin ta gida, har da iyayenta da ƴaƴanta. Ita ta karɓi lambar wayata. Da muka fita aka mayar mana da basilla. Man gyaɗan an ce an zubar.

Wasiƙa huɗu na rubuta tsakanin Satumba da Disamba. Na sa sunaye huɗun, na zana alamar kowane gida yadda Tsoho ya kwatanta. Ban roƙi komai ba sai a juya allo ɗaya kafin a zubar, a ƙara layi ɗaya a tagulla. Amsa ɗaya ta zo, layi uku: sun karɓa, sun gode da sha'awar da nake nuna wa tarihin ƙungiya, an miƙa wa sashen da ya dace. Kawu Rachidou ya karanta ya ce, "To, ai ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba. Diflomasiyya ke nan."

Wata Talata cikin Janairu, ina wurin aiki, Fatou ta kira.

"Ƙanwata, sun kwance. Duk suna cikin babban akwatin shara a bayan gini. Na roƙi ma'aikaci ɗaya, ya ce in ɗauka in tafi kafin shugabansa ya zo. Ɗaya na iya ɗauka, na sama, wanda bai jiƙe ba."

Kawu yana Paris ranar da motarsa. Na kira shi, ban roƙe shi ba, umarni na ba shi. Ya same ta a Porte de la Chapelle, ya karɓa. Washegari da la'asar ya shigo falonmu da allon naɗe cikin buhu, yana cewa, "Ga kayan tarihinku, ya cika mini mota da wari."

Na zare buhun, na juya allon da sauri, wayata a shirye don hoto. A kusurwar da aka naɗe fata akwai alama, sabuwa fil kamar jiya aka yi ta, don haske bai taɓa ganinta ba. Amma ba kore ba ce. Ɗan da'ira ne na rawayan zare.

Na fita baranda na kira Fatou. Ta ce babbar mota ta kwashe akwatin tun da safe. Ta tambaya, ba wanda ya san inda ake kaiwa. Alluna arba'in masu koren ɗinki sun ga rana sau ɗaya, kwana ɗaya, a cikin shara, ba wanda ya juya ko guda.

Da na dawo, allon yana kan cinyar Tsoho. Yatsansa yana kan da'irar.

"Abdul'aziz," ya ce. Ya yi dariya, hawaye yana bin gemunsa. "Dubi, bai rufe da'irar daidai ba. Kullum ina gaya masa. Kullum."

Kawu Rachidou yana tsaye da makullin mota a hannu. Ya durƙusa, ya duba alamar, ya duba zanen da ke littafina mai baƙin bango, wanda na yi wata uku kafin allon ya zo. Bai yi dariya ba.

"Baba," ya ce, "ɗari da sittin ka ce?"

"Ɗari da sittin. Tashi ka ɗauko mini man gyaɗa a kicin. Ran Juma'a kuma za ka kai ni Bobigny, in gaya masa."

Kwana uku ya yi yana murza wa fatar mai, kaɗan-kaɗan, da tafin hannu. Wadda aka ce ba ta gyaruwa ta yi laushi, jan ya dawo. Na ɗauki hoto na aika wa sashen da ya dace. Ba su amsa ba. Fatou ta ce yanzu bangon ɗakin fari ne, da babban allon talabijin. Tagullar an cire ta an kai ma'ajiyar tarihi. Ita an adana ta.

Wajen rataye allon muka sake faɗa da Tsoho. Na ce bayan za a sa waje, kowa ya ga alamar. Ya ce ba a gidansa ba, ba kuma aikin Abdul'aziz ba. Shi ya yi nasara, kamar kullum, ba tare da ɗaga murya ba. Allon yana falo, fuska waje, a kan ƙusa ɗaya.

Amma ƙusa ɗaya ce, ni na buga ta. Duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai na tashi na sauke allon na juya masa, na nuna da'irar, na ce dukawa huɗu ne suka yi ɗakin. Ilya. Dodo. Abdul'aziz. Ranar farko a nan na tsaya, mamana tana harara ta. Sai na ƙarasa: Ɗan Juma ɗan Maman Sani.

Tsoho ya kau da kai wajen taga.

"Yarinyar nan ba ta da kunya," ya ce wa baƙon. "Mayar da shi yadda yake, Amarya, kin karkata shi."